Piyano a Bakin Lifta: Darasin Awo Ga Masu Aika Kayan Gwamnati Zuwa Mubi

A watan Janairun 2020, fitacciyar makaɗiyar piyano 'yar ƙasar Kanada, Angela Hewitt, ta kammala naɗar wasu kaɗe-kaɗen Beethoven a birnin Berlin na Jamus, masu ɗaukar kaya kuma suka shigo domin fitar da piyanonta. Ƙwararru ne da suka daɗe a sana'ar. Duk da haka, a daidai lokacin da suke ɗora shi kan keken turawa, sai ya suɓuce musu. Ƙarfen da ke riƙe da cikinsa ya tsage, kamfanin Fazioli na Italiya da ya ƙera shi kuma ya duba ya ce ba ya gyaruwa. Jaridu sun ƙiyasta darajarsa a kan fam dubu 150. Shekara 17 ta yi tana amfani da shi, amma ɓarnar ba ta ɗauki ko minti ɗaya ba.

Ma'aikacin da ke zaune a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya a Abuja zai iya cewa wannan ba damuwarsa ba ce, tunda ba kasafai piyano ke shiga kasafin kuɗin ma'aikatu ba. To amma a kowace shekara takardun sayen wasu kayan na bi ta teburinsa: injin ɗaukar hoton ƙashi, firjin ɗakin gwaje-gwaje, akwatin ƙarfe na ajiye kuɗi, babban injin buga takardu, batura masu ajiye wutar sola. Dukkansu halinsu ɗaya da piyano. Suna da nauyi, suna da tsada, ba sa jure faɗuwa, kuma ba don ƙofar ofishin da za a kai su aka ƙera su ba. Idan inda za a kai su gari ne kamar Mubi, mai nisan fiye da kilomita dubu daga tashar jiragen ruwa ta Legas, kuskuren awo na santimita biyar zai iya zama asarar miliyoyin naira, ko karayar ƙashin wani bawan Allah da sunansa ba ya cikin fayil.

Shi ya sa yake da kyau a duba yadda ake shigar da babban piyano cikin ƙaramar lifta, wato na'urar hawa bene. A wajen masu sana'ar ɗaukar kaya, wannan aiki shi ne ma'aunin gwaninta, kuma duk wata tambaya da ya kamata a yi kafin a aika kaya masu nauyi tana cikinsa.

Abin da ke sa shi wuyar ɗauka

Wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro piyano a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. A yau iri biyu aka fi sani. Akwai na tsaye da ake jinginawa a bango, akwai kuma na kwance mai ƙafa uku, wanda Jamusawa ke kira da sunan fiffike saboda siffarsa. Na kwancen shi ne mai wahalar.

Yana da madannai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe kusan 230, kuma idan aka haɗa ƙarfin jan da aka yi wa tsirkiyoyin nan, ya kusa tan 20. Katako kaɗai ba zai iya riƙe wannan ja ba, don haka ake shimfiɗa masa wani faffaɗan ƙarfen zubi a ciki. Wannan ƙarfe shi ne babban tushen nauyin. Yana jure matsi na shekaru aru-aru, amma bugu ɗaya mai ƙarfi na iya tsaga shi, kamar yadda tukunyar ƙasa ke jure wuta amma ba ta jure faɗuwa. A ƙarƙashinsa akwai allon katako mai ƙara sauti, wanda kaurinsa bai wuce santimita ɗaya ba.

Alƙaluman kamfanin Steinway sun isa misali. Mafi ƙanƙanta cikin piyanonsa na kwance tsawonsa santimita 155 ne, nauyinsa kimanin kilo 250. Samfurin B tsawonsa santimita 211, faɗinsa 148, nauyinsa kilo 345. Samfurin D na manyan zauruka ya kai santimita 274 da kusan kilo 480, wato nauyin buhun siminti tara da rabi a dunƙule wuri ɗaya. Nauyin bai rabu daidai ba, kuma babu wurin kamawa. Ƙafafunsa an yi su ne don ɗaukar nauyi daga sama. Idan aka tura shi a kansu, taya ta ci karo da dokin ƙofa, ƙafar na iya karyewa nan take.

Lifta na da nata iyakar

Tun da Elisha Otis ya nuna birkinsa na hana lifta faɗuwa a birnin New York a 1854, masu gini suka samu ƙarfin gwiwar yin sama. Amma liftar fasinja an auna ta ne da jikin mutum. Wadda aka fi sakawa a ofisoshi da otal-otal ita ce mai ɗaukar mutum takwas ko kilo 630, cikinta santimita 110 a faɗi, 140 a zurfi, ƙofarta kuma santimita 80 ko 90. Ta gaba da ita mai kilo 1,000 akan yi ta da zurfin santimita 210, domin ta ɗauki gadon marar lafiya.

A ɗora waɗannan alƙaluma a kan juna, matsalar za ta fito fili. Samfurin B, ko an kwantar da shi a gefensa, ya fi babbar liftar tsawo da santimita ɗaya, tun kafin a naɗe shi da bargo. A ƙaramar liftar kuwa, ko ɗan ƙaramin cikinsu ba ya shiga a kwance.

Sai batun nauyi, inda mutane da dama ke ruɗuwa. Rubutun da ke jikin lifta cewa tana ɗaukar kilo 630 yana nufin nauyin da ya bazu a faɗin dandamalinta, ya kuma shigo kaɗan-kaɗan, yadda mutane ke shigowa ɗaya bayan ɗaya. A ƙa'idar Amurka ta lifta, a aji mafi sauƙi na ɗaukar kaya, bai kamata kaya guda ɗaya ya wuce rubu'in nauyin da aka rubuta ba. A lifta mai kilo 630, wannan bai kai kilo 160 ba. Idan kaya masu kilo 345 suka hau bakinta a kan ƙananan tayoyi huɗu, dukkan nauyin na sauka ne a gefe ɗaya, ya danne bakin ƙofar, ya karkata ɗakin a kan layukan da yake bi. Wata ɓarnar ba a ganinta ranar, sai bayan makonni ƙofa ta fara cijewa.

Ba a wasa da lafiyar lifta. A ranar 1 ga Agusta, 2023, wata matashiyar likita ta rasu bayan liftar masaukin likitoci a Babban Asibitin Odan da ke Legas ta faɗo da ita. Tun daga lokacin jama'a suka ƙara tambayar wa ke duba waɗannan na'urori a gine-ginen gwamnati, kuma sau nawa.

Yadda gwanaye ke yi

Aikin ba ya farawa ranar ɗauka. Kwanaki kafin nan, shugaban ayarin zai zo da tef ɗin awo ya bi hanyar da ƙafarsa, daga inda mota za ta tsaya har zuwa inda za a ajiye kayan. Zai auna faɗi da tsawon kowace ƙofa, zurfin lifta daga bangon baya zuwa ƙofa a rufe, ƙarfen riƙewa da ke cin 'yan santimita a jikin bango, da filin juyawa a gaban liftar a benen ƙasa da na sama. Sau da yawa kayan kan shiga lifta lafiya, amma a rasa inda za a juya su a lungun da ke sama. Wasu kan yanka kwali ko falanki daidai girman kayan su gwada shi tukuna.

Ranar aikin, a rufe murfin piyano a ɗaure, a naɗe shi da barguna. A cire ƙafar tsakiya mai ɗauke da matakan ƙafa. Sai mutum biyu su tallafi kusurwar hagu, a kwance ƙafar wannan gefen, a saukar da kusurwar a hankali kan wani dogon katako mai laushin shimfiɗa. Daga nan a miƙar da shi ya tsaya a kan miƙaƙƙen gefensa, a cire sauran ƙafafu biyu, a ɗaure shi tam da katakon, a ɗora kan keken turawa. Abin da faɗinsa ya kusa mita ɗaya da rabi ya koma kamar rabin mita. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kowa kuma muryarsa yake jira.

A bakin lifta, mai kula da ita zai sa mabuɗi ya hana ta amsa kiran wasu benaye, a lulluɓe bangonta, a shimfiɗa faranti a kan ratar da ke tsakanin ƙasa da dandamalinta. Idan tsawon bai shiga ba, akan tayar da piyanon tsaye a kan gefen madannansa, a kutsa shi a karkace ta ƙarƙashin ƙofar, sannan a miƙar da shi a ciki, domin rufin lifta ya fi ƙofarta tsawo. Idan wannan ma bai yiwu ba, gwani ba ya tilasta wa kaya. Zai koma matakala da igiyoyi da ƙarin mutane, ko a kira motar ƙugiya a shigar da shi ta taga ko baranda. Bayan an ajiye shi, akan bar shi ya yi mako biyu ko fiye ya saba da iskar ɗakin kafin a saita tsirkiyoyinsa.

Kowane kaya da nasa sharaɗin. Piyano sai an kwantar da shi yake tafiya lafiya. Firji kuwa ba a son a kwantar da shi, domin man injinsa kan malala ya shiga bututun sanyi. Wanda bai karanta takardar kamfani ba zai yi wa wannan abin da ya dace da wancan.

Hanyar Mubi

Mubi na zaune a gindin tsaunukan Mandara, a gaɓar kogin Yedzaram, kusa da iyakar Kamaru, kimanin kilomita 200 daga Yola ta hanyar Gombi da Hong. Ta kasance a ƙarƙashin Jamusawa kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan Ingilishi, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigar da yankin Najeriya, garin ya zama hedikwatar Lardin Sardauna.

A farkon ƙarni na ashirin, kayan Turai kan iso Yola ne ta jirgin ruwa a kogin Binuwai lokacin cikar damina, daga nan sai kan 'yan dako da bayan jakuna. Saboda haka tun daga Turai ake ɗaure kaya a akwatunan da ba su wuce kilo 25 zuwa 30 ba, daidai abin da mutum zai ɗora a kan gammo ya yi tafiyar yini. Wato ana fara lissafi ne daga zangon ƙarshe, a dawo baya. Haka aka yi wa likita Albert Schweitzer lokacin da ya tafi Lambarene a Gabon a 1913. Ƙungiyar masoya kiɗan Bach ta Paris ta ba shi piyano da aka lulluɓe cikinsa da ƙarfen tutiya saboda laima da gara, aka kuma ƙarasa da shi a babban kwalekwale. Masu kyautar sun yi tunanin inda za shi kafin su saya.

Mubi ta yau gari ne na manyan makarantu da kasuwanci. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, tana nan. Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002 tana nan. Akwai babban asibiti, da kasuwar shanu da ta yi suna har ƙetaren iyaka, sannan hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya na Kwarhi, ba nisa da garin. A ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi, suka riƙe ta kusan mako biyu kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato ta. An wawashe ko an lalata kayayyaki a makarantu, bankuna, majami'u da ofisoshi. Shekarun da suka biyo baya sun zama na sake gini da sake sayen kayan aiki, ta hannun gwamnatin jiha, da asusun TETFund na manyan makarantu, da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa dokarta a 2017. Takardun da yawa daga cikin waɗannan sayayya a Abuja ake sa musu hannu.

Yawancin gine-ginen Mubi ba su wuce bene ɗaya ko biyu ba, kuma abin da zai hau sama ta matakala yake hawa. Matakala ma tana da nata awon: faɗinta, filin juyawa a tsakiya, da tsawon rufin da ke kan mai hawa. Motar ƙugiya ba abu ba ce da ake samu cikin awa ɗaya kamar a Abuja. Injiniyan kamfanin da ya sayar da kayan kuma yana iya kasancewa a Legas ko Kano. Kuskuren da za a gyara da kiran waya ɗaya a Wuse, a Mubi zai iya cin makonni, kayan na zaune cikin akwati a baranda, ƙurar hunturu ko feshin damina na shigarsu, wa'adin garantin kamfani na tafiya.

Yanayi ma na cikin lissafin. Katakon piyano ya fi son laimar iska ta kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A hunturun Arewa laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ta haura sosai. Wannan hawa da sauka na tsaga katako, yana kuma wahalar da na'urorin awo masu laushi. Ba mamaki majami'u da makarantu da dama suka fi dogara da piyanon lantarki, wanda mutum ɗaya ke rataya a kafaɗa.

Bayan wa kayan ke hawa

A ƙarshe dai, idan tirela ta tsaya, 'yan dako ake kira. Mutane ne masu ƙarfi da sanin makamar aiki. Wanda ya saba sauke buhun hatsi mai kilo 100 a kasuwa ya san yadda ake karɓar nauyi da gwiwa, ya san yadda ake haɗa numfashi da abokin ɗauka. Sai dai buhu yana yafe faɗuwa, injin asibiti ba ya yafewa. Buhu ba shi da gefen da aka hana kwantarwa. Kuma idan mutum shida suka shiga lungun matakala da kaya masu kilo 300, na ƙasa su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, ba su da wurin gudu in igiya ta tsinke.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a shawararta ta 1967, ta sa kilo 55 a matsayin iyakar abin da namiji baligi zai riƙa ɗauka shi kaɗai. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma ɗan dakon da aka kira daga bakin kasuwa, aka yi cinikin ladansa a tsaye, ba shi da takardar da za ta nuna wanda ya ɗauke shi aiki. Idan kaya suka danne masa ƙafa, ɗan kwangila zai ce ya kawo kaya har ƙofa, mai kula da sito zai ce bai karɓa ba tukuna, shi kuma za a kai shi wurin mai ɗori da kuɗin iyalinsa.

Abin da ke hannun mai riƙe da fayil

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta wa ma'aikatu su tsara bukatunsu kafin su fitar da tallar kwangila. A wannan mataki ne ƙaramin jami'i ko hadimin babban sakatare ke da tasirin da ya fi na kowa, domin shi ke rubuta daftarin farko. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko shi ne kalmomin kwangilar. Akwai bambanci tsakanin a kawo kaya, da a kawo, a shigar da su ɗakin da aka ambata, a haɗa, a gwada. Idan takardar ta ambaci gini da bene da lambar ɗaki, ta kuma ɗaure biyan kuɗin ƙarshe da gwaji, nauyin zangon ƙarshe ya koma kan ɗan kwangila, zai kuma sa kuɗinsa a farashi tun farko.

Na biyu, a nemi girman akwatin da kayan za su zo a ciki, domin ya fi girman da ke cikin takardar talla. A aika alƙaluman ga sashen ayyuka na makarantar ko asibitin da ke Mubi, su auna ƙofofi da matakala, su turo hotuna. A tambaye su ko daɓen benen zai ɗauki nauyin, domin akwatin ƙarfe ko tarin batura na iya fin ƙarfin daɓen da aka zuba don tebura da kujeru. Sau da yawa amsar mai sauƙi ce: a sauya ɗaki, a ajiye kayan a ƙasa.

Na uku, a rubuta wanda zai ɗauki kayan, da kayan aikin da zai zo da su, da inshorar da ta shafi kayan da mutanen. Idan 'yan dakon gari za a ɗauka, a rubuta sunayensu, a ba su takalma da safar hannu, a sa mutum ɗaya da ya karanta umarnin kamfani ya jagorance su.

Na huɗu ya shafi gine-ginen da ba a gama ba. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyoyin shiga ga kowa, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Wannan na nufin lifta za ta ƙara bayyana a kasafin asibitoci da makarantu, har a garuruwan da ba a saba da ita ba. Tsakanin mai zurfin santimita 140 da mai 210 akwai tazarar santimita 70 kacal, amma ita ce ke raba liftar da za ta ɗauki gadon marar lafiya da wadda ba za ta ɗauka ba. Da zarar an zuba kankaren ramin lifta, faɗaɗa shi sai da rusau. A wurin da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, wajibi ne a haɗa da na'urar batir da ke kai lifta bene mafi kusa ta buɗe ƙofa, da yarjejeniyar dubawa a kai a kai, da sanin garin da makanikin yake zaune.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi mai yawa. Tef ɗin awo na mita biyar ana samunsa a kowane shagon kayan gini a kasuwar Mubi, kuma kowace babbar makaranta na da ma'aikacin sashen ayyuka da zai iya auna ƙofa cikin minti goma. Abin da ake bukata shi ne wani a Abuja ya nemi a yi awon, ya kuma jira alƙaluman su iso su shiga fayil kafin ya miƙa wa maigidansa takardar sa hannu.